Me ya sa masu NMR ke taruwa a kan furotin na tantanin ƙwayar halitta?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kimiyyar sinadarai ce. Na ga masu binciken NMR, wato dabarar gano siffar sinadarai da maganaɗisu da igiyar rediyo, a Turai kan haɗa taro takanas a kan tantanin ƙwayar halitta da furotin da ke jikinsa. Mene ne wahalar waɗannan furotin har da sai an haɗa ƙarfi?

Amsa: Malama, wahalar daga mazauninsu take. Tantanin nan shimfiɗa biyu ne na maiƙo, furotin ɗin kuma a cuse suke cikinsa suna aikin ƙofa da karɓar saƙo. Kaso mai yawa na magungunan da ake sha da su suke aiki.

Na'urar NMR tana saka samfuri cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ta buga masa igiyar rediyo, ta saurari amsar cibiyoyin atom. Idan furotin ƙarami ne mai juyawa da sauri cikin ruwa, siginar takan fito tsaf. Da haka Kurt Wüthrich na Zurich ya fitar da siffar furotin a 1985, ya kuma samu kyautar Nobel a 2002. Amma wanda ke maƙale cikin maiƙo ba ya juyawa yadda ake so, sai layukan siginar su baje su cakuɗe. Mafita biyu ce: ko a ciro shi da sinadari mai kama da sabulu, ko a bar shi cikin maiƙonsa a dinga juya samfurin sau dubbai a daƙiƙa, a karkace kan digiri 54.7, dabarar da aka gano tun ƙarshen shekarun 1950.

Zaɓin nan ba wasa ba ne. Dubi furotin M2 na ƙwayar cutar mura, mai aikin ƙofa, wanda magungunan amantadine da rimantadine ke toshewa. A 2008 bincike biyu suka fito suna saɓa wa juna. Ƙungiyar William DeGrado, da hoton X-ray, ta ga maganin a cikin ramin ƙofar. Ta James Chou a Harvard, da NMR cikin sabulu, ta gan shi a waje, wuri huɗu. Sai a 2010 Mei Hong da abokan aikinta suka auna shi cikin maiƙo na gaske, suka nuna cewa babban mazaunin maganin cikin ramin ne, na wajen kuwa sai magani ya yi yawa yake kamawa. A ganina wannan ne ya sa tarukan suke da amfani: yawancin gardamar da ake tafkawa a can ba ta lissafi ba ce, ta yadda aka haɗa samfuri ce, wane maiƙo aka sa, wane zafi, nawa ne maganin.

Sai kuma kuɗi. Maganaɗisu mai gigahaz 1.2, wato kusan tesla 28 a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, irin wanda kamfanin Bruker ya kafa a Florence ta Italiya a 2020, ba kowace jami'a ke iya saya ba, ga shan ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. Furotin ɗin ma sai an noma shi cikin bakteriya da aka ciyar da kabon-13 da nitrojin-15, nau'o'in atom da na'urar ke jin amsarsu, domin a halitta kabon-13 bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Don haka wani ɗakin bincike ke haɗa samfuri, wani ke da na'ura, wani ke rubuta manhajar fassara sigina. Idan kina son shiga fagen, ki fara ƙwarewa wajen tace furotin, domin mai samfuri mai kyau ba ya rasa wanda zai ba shi lokaci a kan na'ura.