Jatan lande a tukunyar Hausawan Garwa

Malam, ka ce ka ga jatan lande jajaye a leda cikin ƙanƙara, kana tambaya ko irinsa muke ci a Kamaru tunda muna da teku. To, teku tana can kudu, wajen Duwala da Kiribi. Mu a Garwa, nan arewacin Kamaru, Yola ta fi mana kusa nesa ba kusa ba.

Wanda ka gani na ruwan sanyi ne, ba na ƙasar nan ba. Can arewacin tekun Atlantika ake kamo shi, gaɓar Girinlan da Norwe da Kanada, a ruwa mai zurfi mai sanyi ƙwarai, wanda ɗuminsa ba ya wuce digiri 8. Ƙanana ne, kuma da yawa tun a cikin jirgin ruwa ake dafa su da ruwan gishiri a daskarar. Ikon Allah, galibinsu namiji yake farawa, sai ya yi shekaru ya rikiɗe mace. Girinlan da shi da kifi take samun kuɗin shiga. Amma a nan, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, wuta kuma ta zo ta ɗauke, wace mace ce za ta amince da abin da ya narke ya sake daskarewa? Ko kyauta aka ba ta, sai ta shinshina.

Namu busasshe ne. Mutanen kudu ke kyafe shi, a cika buhuna, jirgin ƙasa ya kawo Ngawundare, manyan motoci su ƙaraso da shi. A kasuwa tsibi-tsibi ake kasa shi ko a auna da gwangwani. Uwargida za ta sheƙe shi a faifai, ta tsince yashi da ƙananan duwatsu, sannan ta daka da barkono da daddawa. Ba nama ba ne a wurinmu, kayan ƙamshi ne: cokali guda a miyar yakuwa da gyaɗa, ko a lalo, ko tafasa. In ya yi yawa miya ta yi ƙarni, maigida ya ture kwano. Manya-manyan da ake ɗorawa kan ndole, wato miyar shuwaka, girkin mutanen Duwala ne, yaranmu da suka yi karatu can su suka saba da shi. Tsofaffinmu dai har yau wasu ƙwaro suke ce masa, ba sa taɓawa.

Zancen halacci kuwa, mu Malikawa ne kamar ku, kuma a mazhabar Imamu Malik abin da ke rayuwa a ruwa halal ne. Ƙyamar tsofaffi ta al'ada ce kawai.

In baƙo ya sauka gidan Bahaushen Garwa, ba jatan lande za a fito masa da shi ba. Giwan ruwa za a nemo, na Binuwai ko na madatsar Lagdo, a gasa a kawo da yaji. In ka shigo ta Yola ka sanar da ni tun da wuri, don mai kyau da safe yake ƙarewa.