Tambaya da Amsa: Allurar zaburar da garkuwar jiki kan ciwon hanta

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu ke nan ina shan tenofovir saboda ciwon hanta nau'in B. An ce mini akwai allurar da ke tayar da garkuwar jiki ta kashe cutar, mutum ya huta da haɗiyar ƙwaya. Da gaske ne? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allurar akwai ta, intafaron ce, ana sayar da ita da sunan Pegasys. Tenofovir hana ƙwayar cutar hayayyafa kawai yake yi, irinta na nan maƙale a cikin hanta. Ita kuwa allurar, garkuwar jikin da ta gaji da fafatawa take zaburarwa. Ana yin ta ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, maikurogiram 180 sau ɗaya a mako, har mako 48. Dole ta zauna a firji, sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ta daskare. Inda wuta ke kwana biyu ba ta leƙo ba, wannan ma aiki ne.

Sai dai ribar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Cikin mutum 10 da suka kammala, da ƙyar ake samun ɗaya da alamar HBsAg, wadda ke nuna ƙwayar cutar na jiki, za ta ɓace daga jininsa. Ga wahala: zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi bayan allura, musamman makonnin farko, da kasala da zubewar gashi, wani har baƙin ciki ya rufe shi ba dalili. Fararen ƙwayoyin jini da masu tsayar da zubar jini kan ragu, shi ya sa ake auna jini duk wata, a duba maƙoƙo duk wata uku. Idan a mako na 12 ko na 24 yawan HBsAg bai sauka ba, likita kan dakatar, don ci gaba asarar kuɗi ce.

Mai ciki ba ta yin ta. Haka wanda hantarsa ta ƙanƙance har ciki ya tara ruwa ko ido ya yi ɗorawa, domin garkuwar da aka zaburar ƙwayoyin hantar da suka kamu take kai wa hari, ragowar hantar kuma ba za ta ɗauka ba. Jiƙe-jiƙen da ake talla a tasha da sunan ƙara garkuwa kuwa, wasunsu su ne ke ƙarasa hantar.

Kada ka ajiye tenofovir da kanka, Malam. Cutar na iya dawowa da ƙarfi har hanta ta gaza. Ka nemi likitan hanta a asibitin koyarwa, ka tafi da sakamakon ALT (awon lafiyar hanta), HBeAg (alamar cewa ƙwayar cutar na hayayyafa) da na yawan ƙwayar cutar a jini, ya duba ko kana cikin waɗanda allurar za ta yi wa amfani.