Famfon apomorphine ga mai cutar Parkinson: me za mu yi da ƙululu, jiri da tashin zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 66, ya haura shekara goma yana fama da cutar Parkinson. Ƙwayoyin levodopa sun daina riƙe shi, sai ya wuni jiki na sandarewa. Yayanmu da ke Ingila ya kai shi asibiti a can, aka sa masa ɗan famfo da ke tura maganin apomorphine ƙarƙashin fata. Wata biyu ke nan da dawowarsa Kano, ni nake haɗa masa kullum da safe. Yanzu ƙululu sun fito masa a ciki, yana jin jiri in ya miƙe, wani lokaci har da tashin zuciya. Mai kemis ya ce a ba shi ondansetron, gwaggonmu kuma ta ce a cire famfon ya huta na kwana biyu. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri. Shawarwarin nan biyu da aka ba ku, kada ki bi ko ɗaya. Ondansetron, da 'yan'uwansa irin su granisetron, ba a haɗa su da apomorphine ko kaɗan, domin haɗin yana iya kayar da awon jini farat ɗaya har mutum ya suma. Cire famfon kwana biyu ba tare da likita ya tsara abin da zai maye gurbinsa ba kuwa, yana iya jefa Baba cikin halin da ya fi ƙululun muni nesa ba kusa ba.

Duk da kamar suna, apomorphine ba ya aiki irin na morphine, ba maganin ciwo ba ne, ba ya kuma cikin ƙwayoyin maye. Aikinsa shi ne taɓa wuraren da sinadarin dopamine ke taɓawa a ƙwaƙwalwa, sinadarin da ya yi ƙaranci ga mai Parkinson. Ba ya daɗewa a jiki, cikin sa'a ɗaya rabinsa ya fita daga jini, shi ya sa ake ɗiga shi kaɗan-kaɗan tun safe har dare, yawanci sa'a 12 zuwa 16. Binciken TOLEDO da aka buga a 2018 ya nuna yana rage lokacin sandarewar jiki da kusan sa'a biyu a rana fiye da ruwan gwaji marar magani. Akwai wasu famfunan daban, kamar Duodopa da ke shiga hanji ta tiyo, da Produodopa da ke aiki dare da rana. Ƙa'idojinsu daban ne, bayaninmu a kan na Baba yake.

Tashin zuciya sanannen abu ne a watannin farko. Maganin da aka saba haɗawa shi ne domperidone, miligiram 10, sau uku a rana iyaka, ana fara shi aƙalla kwana biyu kafin a sa famfo, a riƙa rage shi in jiki ya saba. Shi ma yana da sharaɗi: yana iya tsawaita wani sashe na bugun zuciya da ake kira QT, don haka sai an yi gwajin bugun zuciya na ECG kafin a fara ko a koma masa, ballantana ga wanda ya wuce shekara 60. Ba a haɗa shi da erythromycin, clarithromycin, ketoconazole ko fluconazole. Kinin da wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro su ma suna taɓa QT ɗin. Ba cewa muke a bar zazzaɓi ba magani ba, a'a, a yi gwaji, a gaya wa likita duk abin da Baba ke sha, shi ya zaɓa. Sannan ki rubuta sunayen nan a kati ki sa a aljihun Baba: metoclopramide da ake sayarwa da sunan Maxolon ko Plasil, prochlorperazine wato Stemetil, haloperidol, da chlorpromazine wato Largactil. Dukkansu suna toshe dopamine, allura ɗaya tana iya sandarar da shi. Su ne kuma abin da hannu ya fi saurin kaiwa a kemis ko ɗakin gaggawa in an ga tsoho yana amai ko ya rikice.

Ƙululu kuwa, da yawa daga masu wannan famfo suna samunsu, kuma suna cikin abubuwan da ke sa mutane haƙura da shi. Maganin yana fusata kitsen da ke ƙarƙashin fata, wurin ya yi tauri. Illarsu ta wuce ciwo: allurar da aka soka a kan ƙululu ba ta isar da magani daidai, sai ki ga famfo na aiki amma Baba ya ƙage, a ɗauka adadin ne ya yi kaɗan alhali wurin ne ya gaji.

Ga yadda ake rage su. Ki wanke hannu da sabulu, fatar ta zama mai tsabta kuma busasshiya sarai. In kin goga sifirit ki jira ya bushe. Ki shafa da yatsu ki nemo wuri mai laushi. Ki nisanci cibiya da kamar santimita 5, ki nisanci tabo, da layin da tazugen wando ke matsewa, da wurin jiya da aƙalla faɗin yatsu biyu zuwa uku. Kada ki tsaya a ciki kawai, gefen cinyoyi na waje ma wuri ne. Ki zana cikin da cinyoyin a takarda, ki riƙa ɗiga alama da kwanan wata, domin hannu yakan koma inda ya saba. Sabuwar allura da sabon tiyo kowane lokaci. Maimaita allura don tattali shi ne hanyar maruru mafi kusa. Takardar maganin ta ce a sauya wuri duk sa'a 12, saboda haka in famfon Baba na kai sa'a 16, ki tambayi likitansa ko a riƙa sauyawa da rana. Gajeriyar allura mai kai kamar maɓalli a miƙe ake soka ta, doguwa mai fukafukai kuma a karkace, kimanin digiri 45, bayan an ɗan tattaro fatar. In ta tsaya sama-sama a cikin fata, wurin zai yi zafi ya kumbura da wuri. In kin ga jini ya dawo cikin tiyo, ki cire ki sake wuri da sabuwar allura, domin ba a so wannan magani ya shiga jijiyar jini kai tsaye, yana iya daskarewa a ciki ya toshe ta.

Da dare bayan kin zare allura, ki matsa wurin a hankali da gozi ragowar maganin ya fito, sannan ki murza da yatsu na minti uku zuwa biyar. Ƙululun da suka riga suka fito a bar su su huta har su yi laushi, abin da kan ɗauki makonni. Akwai filastar silikon da ake liƙawa, kuma masu gashin ƙashi na asibiti suna da na'urar ultrasound da ke taimakawa. Ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da man zafi ko gashi da ruwan zafi. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka ki dogara da taɓawa: in wurin ya fi kewayensa ɗumi, yana sheƙi, ciwon na ƙaruwa, ko mugunya na fita, ko tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin, ko zazzaɓi ya biyo baya, ranar za a kai shi asibiti.

Jirin da Baba ke ji, mafi yawan zato awon jininsa ne ke sauka in ya miƙe. Cutar kanta tana jawo haka, apomorphine na ƙarawa, zafin Kano da gumi su ƙarasa. Ki auna shi bayan ya kwanta minti biyar, ki sake aunawa bayan minti ɗaya da tsayuwa, da kuma minti uku. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, ki rubuta ki kai wa likita tare da duk ƙwayoyinsa, musamman na hawan jini da na prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, don sau da yawa su ake ragewa. Kafin nan ya riƙa tashi daki-daki: ya zauna a bakin gado, ya motsa ƙafafu, sannan ya miƙe da mai riƙe shi. Haka ma tasowa daga sujada ko zaman tahiya. In jirin ya yi yawa ya yi salla a zaune. Ya sha ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana in ba shi da ciwon zuciya ko ƙoda. Batun azumi kuma a tattauna da likita tun kafin wata ya tsaya.

Kada kowa a gida ya taɓa adadin da aka saita. Akwai wani kuskure da ke faruwa a nan: likita kan rubuta da miligiram, wasu famfunan kuma da mililita suke nunawa. Ruwan da aka tanada don famfo yana da miligiram 5 a kowace mililita, ke nan miligiram 4 a sa'a daidai yake da mililita 0.8. Wanda ke cikin ƙananan kwalaben fasawa da alƙalamin allura (sirinji mai kama da biro da ake yin allurar maganin da shi) kuwa miligiram 10 ne a mililita, ninki biyu. In aka zuba shi a famfo ba a sirka yadda aka koyar ba, an ninka wa Baba magani. Jimillar abin da zai shiga jikinsa a rana, har da ƙarin da ake ba shi ta danna maɓallin famfon, bai kamata ta wuce miligiram 100 ba. Wannan lissafin zai kuma nuna miki ko famfon na aiki: a kan mililita 0.8, bayan sa'a goma ya kamata mililita 8 su ragu a sirinjin.

Maganin garau yake kamar ruwa. In ya koma kore, ko ya yi duhu-duhu ko gudaji, ya lalace, a zubar. Ruwan famfon da aka buɗe ba a amfani da shi bayan sa'a 24. Ana ajiye shi cikin kwalinsa, nesa da haske, a wurin da zafi bai haura digiri 25 ba, kuma kada ya daskare. A watannin Maris zuwa Mayu ɗakin kwano ya wuce haka da nisa, don haka ki nemi ɗaki mafi sanyi a gidan ki ajiye ma'aunin zafi kusa da kwalin, kada kuma a bar shi cikin mota. Famfon ya zauna ƙarƙashin riga, ba cikin rana ba. Ba ya son ruwa, a cire shi kafin wanka, haka ma kafin hoton MRI. In maganin ya zuba a farar riga yana barin tabo kore; a wanke nan take, ruwan lemun tsami na taimakawa.

In Baba ya sandare ba zato, ki bi layin daga fata zuwa famfo: allurar ta zame, filasta ta jiƙe, tiyo ya lanƙwashe, sirinji ya ƙare, ko batir ya mutu. In ba ki gano ba cikin 'yan mintuna, ki sa sabuwar allura a sabon wuri. Dole ne a sami rubutaccen tsari daga likitansa na ranar da famfo ya ƙi: nawa zai karɓa ta alƙalamin allura, wanda ke fara aiki cikin kamar minti goma ya riƙe kusan sa'a ɗaya, da nawa zai sha na levodopa. Tun da aka sa famfon an rage masa ƙwayoyi, shi ya sa yanke shi kwatsam ke da haɗari. Ana iya samun fargaba, gumi, ciwon jiki da ƙuncin rai, mafi muni kuma zazzaɓi mai zafi da sandarewa da rikicewar tunani. Wannan na ƙarshen yana kisa, kuma abu ne mai sauƙi a ɗauke shi a matsayin taifot ko zazzaɓin sauro. In kin ga haka, asibiti kai tsaye, ki faɗa musu tun daga ƙofa cewa maganin Parkinson ɗinsa ya yanke.

Akwai abubuwan da Baba ba zai faɗa da bakinsa ba, sai kun lura. Irin wannan magani kan sa wasu caca a waya, kashe kuɗi ba lissafi, yawan ci, ko sha'awa fiye da da, wasu kuma su riƙa ganin mutane ko dabbobin da babu su. Illar magani ce, ba lalacewar hali ko aljanu ba, kuma takan lafa in likita ya gyara adadin. Barci ma kan sace mutum ba sallama, saboda haka in yana gyangyaɗi da rana ya bar tuƙi. Ana kuma gwajin jini duk wata shida zuwa shekara, har da gwajin Coombs, domin a wasu mutane kaɗan maganin na fasa jajayen ƙwayoyin jini. Idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, gajiya da haki: kada a tsaya jiƙon shawara, a je a auna jini.

Cikin makon nan ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da su. Ki tafi da takardun Ingila, da awon jinin da kika rubuta, da zanen wuraren allura, a duba ƙululun a yi ECG. Yayanku kuma ya haɗa likitan nan da ma'aikatan da suka sa famfon, su tsara matakin ko-ta-kwana tare. Sannan ki ƙirga magani, allurai, sirinji da batir, ki san ranar da za su ƙare, a yi odar sababbi tun da sauran na wata guda a hannu. Wanda zai taho da su ya riƙe su a jakar hannu tare da wasiƙar likita, kada a sa su cikin kayan ƙasan jirgi inda maganin zai iya daskarewa.