Tsiron Masarata Ya Yi Funfuna, In Wanke In Ba Raguna?

Tambaya: Likita, ina kiwon ragunan Layya a nan Sakkwato. Harawa ta yi tsada, sai na koma tsirar da masara a faranti, ba ƙasa. Tun da zafi ya shigo, ƙasan tsiron ke yin wani abu kamar yanar gizo-gizo, ga warin tsami. Wanda ya koya mini ya ce in wanke da ruwan gishiri, in shanya, in ba su. Yanzu biyu sun rage cin abinci, hankalina ya tashi.

Amsa: Malam, daga yau ka daina ba su. Ka mayar da su kan harawa da dusa, biyun nan kuma a kai su asibitin dabbobi a duba su.

Ka ɗaga tabarmar saiwar ka yayyafa ruwa. Farin gashin da ke manne da saiwa, wanda ke kwantawa in ruwa ya taɓa shi, na lafiya ne. Wanda ya shimfiɗu a kan ƙwaya, ya yi kore ko baƙi, yana wari, wannan funfuna ce.

Maganar wankewa kuwa, na gaji da jin ta. Kullum sai wani ya zo da ita, wai ya gani a bidiyon WhatsApp. Abin da ke cutarwa ba gashin da ido ke gani ba ne, gubar da wasu nau'o'in funfuna ke zubawa cikin ƙwayar ce, irin su aflatoksin. Gishiri ba ya cire ta, rana ba ta kashe ta, ko dafawa aka yi tana nan. Hanta take ci a hankali: dabba ta daina ƙiba, ta rame, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa. In saniya ce ko akuya, gubar tana fita a nono, yara su sha. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Mai ce maka ka wanke, ba shi zai yi asarar ragon ba! Farantin da ya kamu, a binne abin da ke cikinsa, ko kaji kada a watsa wa.

Zafinmu na Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, ga ruwa kwance a faranti, me zai hana funfuna? Ka bar ƙarƙashin rufin kwano, ka koma rumfar zana mai shan iska. Wajen jiƙo, ka kwashe ƙwayar da ta taso sama da fasasshiya, kada jiƙon ya wuce awa 12. Ka huda farantin, ka ɗan karkata shi, kada ka cika shi da iri, ka wanke shi da Hypo bayan kowane zagaye, ka ɗebe tsiron a kwana 7 zuwa 8. Irin shuka mai jan magani kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka jiƙa.

Kilo ɗaya yakan ba da kilo 5 zuwa 6 na tsiro, amma mafi yawansa ruwa ne. Saboda haka ko ya fito lafiya ƙalau, harawa da dusa su ci gaba da zuwa gaban ragunan.