Yadda ake yin jerin zaɓi a farkon tashin kwamfutar 486 mai DOS

Malam, ka ce kana son tsohuwar 486 ɗinka ta riƙa tambayarka wasa za ka yi ko aiki da zarar ka kunna ta. In dai MS-DOS 6.0 na 1993 ne ko wanda ya biyo bayansa, ba sai ka nemi wata manhaja ba.

Buɗe CONFIG.SYS, fayil ɗin saituna da DOS ke karantawa yayin tashi, ka rubuta [menu] a layin farko, sannan menuitem=WASA da menuitem=AIKI, sai menudefault=AIKI,10 don ta zaɓa da kanta bayan daƙiƙa 10. Zaɓi 9 ne iyaka. HIMEM.SYS, direban da ke buɗe ƙarin ma'adanar kwamfuta (memory), ya shiga [common] a sama, wato sashen da kowane zaɓi ke bi, domin EMM386, ɗaya direban ma'adanar, ba ya tashi sai da shi. Sai ka yi wa kowane zaɓi sashensa: a [WASA] ka ba EMM386 kalmar RAM don ya samar da nau'in ma'adanar da ake kira EMS, a [AIKI] kuwa NOEMS don ya hana shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin umarnin da ke gudana bayan CONFIG.SYS. Sa goto %config%, ka yi :WASA da :AIKI, kuma lallai ka rufe kowanne da goto END, ka ajiye :END a ƙasa. In ka manta, umarnin wasa zai zarce cikin na aiki, direbobi su cinye maka 640 KB ɗin ma'adanar asali da manhajojin DOS ke aiki a ciki.

In ta maƙale, danna F8 tana tashi, ka bi layi-layi.