Amsa ga mai tambayar injin sassabe

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Malam, na saurari muryarka tun da safe, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce gonar gado ce, ta yi shekara 4 ba a noma ta ba, gamba da sabara sun cinye ta, kana so ka sayi injin yankan ciyawa irin na ratayawa a kafaɗa, wanne za ka ɗauka.

To kafin ka je kasuwa, ka shiga gonar da ƙafarka tukuna. Abin da ke cikinta shi zai zaɓa maka faifai, wato ƙarfen yankan da ake ɗaurawa a bakin injin, faifan kuma shi zai zaɓa maka inji. Mutane suna farawa da tambayar inji, alhali faifan ne ke yin aikin.

Wannan igiyar roba da ake haɗowa da injin a kwali, ta ciyawar tsakar gida ce da gefen katanga. Ka sa ta a busasshiyar gamba, kafin ka yi taku ashirin ta ƙare. Gamba da kyasuwa da tafasa, faifan ƙarfe mai haƙori 3 suke so. Shi na fi amfani da shi, kuma in ya dakushe ka wasa shi da magagari, amma kowane haƙori ka ci masa daidai da ɗan'uwansa, in ba haka ba injin zai riƙa karkarwa har hannunka ya mutu.

Sabara da kalgo da geza kuwa, in sandar ta wuce kaurin babban yatsa, mai haƙori 3 bugu kawai zai riƙa yi, ba zai yanka ba. Nan sai faifai irin na zarto, mai haƙora 40 ko 80. Amma Malam, wannan faifan yana da hali. Ka ɗauke shi kamar fuskar agogo: in ka taɓa itace da wajen ƙarfe 12 zuwa 2, sai ya yi tsalle ya fizge ka gefe. Da ɓangaren hagu ake ci, kana kaɗawa daga dama zuwa hagu, injin yana cikin ƙarfinsa kafin ya taɓa itacen.

Inji kuma, ka nemi mai miƙaƙƙiyar sanda da hannu biyu kamar na keke, mai girman inji daga 40cc zuwa sama. 'Yan Chana masu 43cc da 52cc suna aiki, kayan gyaransu ma ba wuya. In aljihu da nauyi, Stihl ko Husqvarna. Honda GX35 shi ba a gauraya masa mai, yana da sauƙin sha, sai dai a kan itace bai kai waɗancan zafi ba.

Maganar mai, don Allah a saurara. Yawancin 'yan Chana ana gauraya lita 1 ta fetur da mililita 40 na man 2T, wato man inji na musamman da ake haɗawa da fetur. Stihl da mansa na asali, mililita 20 a lita. Ka duba takardar naka. Wani yaro da ke min aiki ya taɓa zuba baƙin man mota ya ce ai duk mai ne, kafin la'asar injin ya yi nokin, na ji jiki a wajen gyara.

Af, notin da ke ɗaure faifan baibai yake, kada ka yi ta murɗawa kamar na babur ka ce ya ƙi. Kan injin kuma, wajen da ake ɗaure faifan, a riƙa sa masa giris.

Sannan dutse da waya da suri suna ɓuya cikin gamba. Na taɓa bugun dutse, haƙori ɗaya ya ɓalle, na ji fiit ya wuce, sai a jikin bishiyar darbejiya muka gan shi a kafe. Tun ranar ba na barin kowa kusa da ni ƙasa da mita 15, murfin kariya kuma ba na cire shi. Faifan da ya tsage a jefar, kada a kai wa mai walda. Tabarau dole, musamman in akwai tumfafiya, nononta mugu ne a ido. Silifas a bar su a gida, kububuwa tana son irin wannan saurar.

Kuma kada ka aske gonar ƙwal. Mutanen Maraɗi da sassabin zamaninsu, a kowane kututture suna barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi su zama bishiya. Ka sa musu alama da tsumma kafin ka tayar da inji.

Ka turo mana hoton gonar, ka riƙe sandar sabara ɗaya kusa da yatsanka mu ga kaurinta. An kira salla, sai anjima.