Manya sun ƙi zuwa ɗakin karatunmu

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina aiki a ɗakin karatu nan Maraɗi, 'yan lakkol kaɗai ke cika mana wuri, manya ko leƙe. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara duba lokaci, don dattijon da ke kasuwa tun safe ba zai zo miki da hantsi ba, sai bayan la'asar, damina kuwa kar ma ki fara, kowa na gona. Sannan ki ba su abin da ya dame su, yadda za su karanta saƙo a salula, lissafin adashi ga mata, rubuta suna da boko ga masu ajami. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, a dafa shayi, kujerun yara na sa babba kunya. Ki gaya wa mai unguwa da liman tukuna, su za su sanar.